Ƙararrawar Gobara Mai Faɗin Ɗakin da Wuta Ta Kama

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa su taso wa yara, sashen yara na asibitin Magarya a Nijar yakan cika ya batse. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a wurin tare da ma'aikatar lafiya tun 2005, ta bayyana cewa a daminar 2018 akwai lokacin da yaran da ke kwance suka haura 700. Kowane yaro da uwarsa ko kakarsa a gefen gado, ga ɗakuna a jere, ga injinan iskar shaƙa suna aiki dare da rana. A gini mai wannan girma, idan ƙararrawar gobara ta kaɗa da ƙarfe 2 na dare, jin cewa wuta ta tashi rabin labari ne. Abin da ma'aikacin jinya ke son sani shi ne: a wane ɗaki? Su wa za a fara fitarwa, ta wace ƙofa?

A watan Mayun 2022 jarirai 11 suka rasu a gobarar ɗakin jarirai na asibitin Tivaouane a ƙasar Senegal. Wanda ke kwance da ƙarin ruwa a hannu ba ya iya gudu, kuma inda iskar shaƙa ta yi yawa wuta takan ci da sauri fiye da yadda aka saba gani. Minti biyar da aka ɓata ana neman inda hayaƙi ke fitowa suna da tsada.

Tsohon tsarin ƙararrawa, wanda har yau ake amfani da shi ko'ina, yana raba gini shiyya-shiyya. Waya biyu su fito daga akwatin sarrafawa, su ratsa ɗaki goma ko ashirin, su tsaya a ɗakin ƙarshe. Idan ɗaya daga cikin na'urorin da ke kan wayar ta shaƙi hayaƙi, sai fitilar da aka rubuta wa "shiyya ta 3" ta kama. Daga nan mai gadi ya ɗauki cocila ya shiga bin ɗaki-ɗaki. Ga ƙaramin shago ko ofis mai ɗaki huɗu, wannan ya wadatar, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba.

Tsari mai adireshi kuwa, kowace na'ura tana da lambarta. Wayar takan fito daga akwati, ta zagaye ginin duka, ta dawo cikin akwatin, shi ya sa ake ce mata zagaye. A kanta ake jera na'urorin jin hayaƙi, da na jin zafi, da jan akwatin nan da ake dannawa a bakin ƙofa, da jiniyoyi. Akwatin yana kiran su ɗaya bayan ɗaya, yadda malam ke kiran suna a aji: lamba 1 ta amsa, lamba 2 ta amsa, har ƙarshe, ya sake komowa farko, ba hutu. Wadda ta yi shiru, nan take a ga lambarta a allo. Amsar ma ba "ina nan" kawai ba ce, kowace na'ura tana faɗin yawan abin da take ji. A na'urorin XP95 na kamfanin Apollo, iska mai tsabta tana ba da adadin da ke kusa da 25, idan ya kai 55 akwati ya ɗauka wuta ce. Wayar nan biyu ita ke kai wa na'urorin wuta, ita kuma ke ɗauko maganarsu.

Abin da ke yin wannan kira da saurare wani ɗan faranti ne mai kayan lantarki da ake sakawa cikin akwatin, wato katin zagaye. Akwati yakan zo da kati ɗaya ko biyu, da guraben ƙari. In an gina sabon ɓangare, ko lambobin zagayen farko sun ƙare, sai a ƙara kati. Zagaye ɗaya na Apollo yana ɗaukar adireshi 126, na Hochiki 127, wasu akwatunan Notifier kuma na'urorin ji 159 da ƙananan kayan haɗi 159.

Saka katin kansa ba ya cin rabin awa. Wahalar tana kafin nan da bayan nan.

Kuskure na farko a kasuwa ake yin sa. Kowane kamfani da yaren da na'urorinsa ke ji, katin da ke magana da na'urorin Apollo ba zai ji na Hochiki ba, ko da zubinsu ɗaya ne a ido. Mu nan muna tsakanin kasuwa biyu: kayan da suka biyo ta Kano sun fi bin tsarin Ingila, waɗanda suka zo ta Yamai sun fi bin na Faransa. Duka suna iya ɗauke da tambarin ƙa'idar Turai ta EN 54, amma tambarin shaidar inganci ne, bai ce za su fahimci juna ba. Kafin a biya kuɗi, a kwafi lambar samfurin akwatin da ta manhajar da ke cikinsa, a tabbatar katin nasa ne. A kuma yi lissafin wuta, domin kowane zagaye yana da iyakar abin da zai iya ciyarwa, jiniyoyi kuma su ne masu ci. Zagayen da ke lafiya lau a lokacin shiru yana iya durƙushewa a daidai lokacin da jiniya 20 suka tashi tare.

Ranar aiki, a fara sanar da masu gini cewa ƙararrawa za ta yi shiru na ɗan lokaci, a sa mutane su riƙa zagayawa da ido da hanci har a gama. A kwafe tsarin da ke cikin akwatin a kwamfuta. Sannan a kashe wuta gaba ɗaya: akasarin kamfanoni sun ce a fara cire batir, sannan wutar gari, wajen kunnawa kuma a fara da wutar gari. Saka kati akwati na kunne yana iya ƙona katin da uwar allon tare. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a gani. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, kowa ya san ɗan tartsatsin da ke tsira mutum idan ya taɓa ƙofar mota ko ya tuɓe rigar leda. Wannan tartsatsin ya isa ya kashe kati sabo fil. Don haka ma'aikaci ya ɗaura abin hannu mai haɗe da ƙasa, ya bar katin a ledarsa sai lokacin sakawa, ya riƙe shi ta gefe. Ya zaunar da shi daidai a gurbinsa ba tare da tanƙwara haƙoran haɗi ba, ya ɗaure sukurori.

Kada a yi gaggawar jona wayar zagaye. A fara aunata ita kaɗai: ba ta tsinke ba, jar wayar ba ta taɓa baƙar ba, babu wadda ke taɓa ƙasa, ba a juya ƙafafun a wani ɗaki ba. Ma'aunin nan mai tura bolt 500 don gwada rigar waya, kafin a ɗaura na'urori ake amfani da shi; wanda ya tura shi bayan an ɗaura, ya gasa su duka, domin tsarin gaba ɗaya a kan bolt 24 ko kusa da haka yake tafiya. Wayar ta zama mai jure wuta, yawanci mai kaurin murabba'in milimita 1.5, kuma kada a cusa ta bututu ɗaya da wayar fanka da ta firiji.

Akwai wata dabara ta rage tsada da nake ganin ta fi kowace illa: a sa wayar tafiya da ta dawowa cikin bututu ɗaya. Amfanin zagaye shi ne, idan waya ta tsinke a tsakiya, akwati ya ci gaba da magana da na'urori ta kai biyu. In tafiya da dawowa suna kwance tare, diga ɗaya ko ɓera ɗaya ya yanke su lokaci guda, an biya kuɗin zagaye an samu mataccen layi. Haka nan idan jar waya da baƙa suka haɗu, zagayen duka yakan mutu, sai fa in an sa na'urorin killacewa a tsakani, waɗanda ke datse ɓangaren da ya lalace su bar sauran suna aiki. Ƙa'idar Turai ta ce matsala ɗaya kada ta kashe na'ura fiye da 32. A wurinmu, inda asibiti ko makaranta ke zama gine-gine a warwatse cikin fili ɗaya, ya fi kyau a sa mai killacewa a mashiga da mafitar kowane gini, a kuma ƙara abin kariya daga tsawa a wayar da ta ratsa fili, saboda damina.

Sai ba da adireshi. Wasu na'urorin ana murɗa musu ƴan ƙafafu biyu masu lamba, wasu ana cire ƙwayoyi daga wani ɗan katin roba a gindinsu, wasu kuma suna da ƙananan makunnai masu darajar 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64. Mai son lamba 37 zai haɗa 1 da 4 da 32. Idan na'ura biyu suka sami lamba ɗaya, sai su riƙa amsawa tare, akwati ya ruɗe. Bayan an kunna, akwatin zai lalubo abin da ke kan zagayen da kansa. In takarda ta ce 64 shi kuma ya ce 61, ba a tashi daga aiki ba sai an gano ukun nan.

Daga nan a zo kan sunaye, matakin da ƴan kwangila suka fi rainawa. Ranar 15 ga Afrilun 2019, na'urorin majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris sun ji hayaƙi a kan lokaci. Amma saƙon da ya fito a allo cakuɗe yake da lambobi da gajerun kalmomi, mai kula da allon kuma sabon zuwa ne. Aka tura mai gadi rufin wani gini na gefe, ya duba bai ga komai ba. Kafin a gano ainihin wurin an yi asarar kusan rabin awa, rufin katako mai shekaru ɗaruruwa ya riga ya kama. Ba kuɗi ko kayan aiki aka rasa ba a Paris. Saboda haka idan allo a garin Dungas zai rubuta "L2 D037", an yi aikin banza. A rubuta "Ɗakin jarirai" ko "Siton magani, baya", da sunan da masu aikin dare ke kiran wurin, cikin harshen da suke karantawa, Faransanci ne ko Hausa. A manna taswirar ginin a gefen akwati, da lambar ƴan kwana-kwana, 18.

Gwaji kuma na'ura-na'ura ake yi, da gwangwanin hayaƙin gwaji, ba da taba ko ashana ba. Mutum ɗaya a ɗaki, ɗaya a gaban allo yana tabbatar da cewa sunan da ya fito shi ne ɗakin da aka fesa. A ƙarshe a cire waya ɗaya da gangan a ga ko sauran sun ci gaba da amsawa.

Littafin da ke zuwa cikin kwali bai san yanayinmu ba. Ƙurar hunturu tana shiga cikin na'urar hayaƙi ta taru, adadin da take faɗa ya riƙa hawa a hankali har ta soma kuwwar ƙarya. A nan tsari mai adireshi ya yi rana, don yana nuna wadda ta yi datti tun kafin ta dami mutane, in dai akwai mai dubawa. Zanzaro da gizo-gizo su ma suna son ramukanta. Turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da hayaƙin madafa duk suna tayar da ita, shi ya sa a kicin ake sa mai jin zafi. Shi ma a lura da ajinsa: wanda aka fi sayarwa yana tashi tsakanin digiri 54 da 65, ba a kuma yi shi don wurin da ke wuce 50 ba. A watan Afrilu, da inuwa kanta ke haura 40, ƙarƙashin rufin kwano marar silin yana iya ƙetare wannan iyaka, sai a nemi aji na sama. Ƙararrawar da ta yi ƙarya sau biyar, a na shida wani zai tashi ya zare mata waya, ba kuma za a ga laifinsa sosai ba.

Batir ma haka. Tsarin Ingila ya nemi ya riƙe akwati awa 24 ba wutar gari, sannan ya iya kaɗa jiniya rabin awa. Duk wanda ya ga yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta katse wa Nijar lantarki a Agustan 2023 ya san awa 24 ba wani dogon lokaci ba ne. Sabon zagaye ƙarin nauyi ne, dole a sake lissafin batir, a kuma jona akwatin a layin janareta ko na sola. Zafi yana cin batir: an auna rayuwarsa a digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. A kafa akwati a ɗaki mai iska inda mutum yake kwana a farke, ba a ofishin da ake kullewa da la'asar ba.

Gobarar da ta fi ƙona mana rai ba wannan na'ura ce maganinta ba. Yara 20 da suka rasu a makarantar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021, da fiye da 20 na Maraɗi a Nuwambar shekarar, a azuzuwan zana suke, inda wuta ke gama aji kafin jiniya ta gama kuka. Can gini ake buƙata, da tazara, da ƙofa. Rumfunan kasuwa ma buɗaɗɗu ne, hayaƙi ba ya taruwa ya kai ga na'ura. Wurin tsari mai adireshi shi ne asibiti, ɗakin kwanan ɗalibai, masauki, babban sito, da ginin hukuma mai takardu.

Wanda zai karɓi aiki daga ɗan kwangila, magajin gari ne ko shugaban asibiti ko mai sito, kada ya sa hannu sai an damƙa masa jerin adireshi da sunayen ɗakuna, da taswirar hanyar waya, da kwafin tsarin akwati, da lambar sirrin shiga ta injiniya. Wasu sukan riƙe lambar don a ci gaba da nemansu. A bar masa ƴan na'urorin ajiya iri ɗaya da waɗanda aka ɗaura, da littafin rubuta duk kukan da akwati ya yi da dalilinsa. A kuma koya wa wani ma'aikacin lantarki na garin yadda ake share na'ura da canja ta, domin tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, kafin a ƙara hanyar Magarya ko ta Dungas.