Sunayen cikakken wata: daga kalandar aiki zuwa daren ibada

0. Gabatarwa

A ƴan shekarun nan, duk sa'ad da wata ya kai daren goma sha huɗu, sai kafofin labarai na Turai da Amurka su raɗa masa suna: na Janairu « watan kyarkeci », na Maris « watan tsutsa », na wajen ƙarshen Satumba « watan girbi ». Sau da yawa akan haɗa sunan da bayanin cewa daren yana da wani asiri ga ruhin ɗan Adam. Ɗalibanmu masu koyon fassara suna cin karo da waɗannan sunaye cikin matanin faransanci, sai su juya su zuwa hausa kalma da kalma, Bahaushe kuwa ya ji wani abu dabam. Abin da muke son nunawa a nan shi ne, asalin yawancin sunayen nan sunayen watanni ne na kalandar aiki, daga baya aka ɗauke su aka liƙa wa dare ɗaya.

1. Inda sunayen suka fito

Jerin da ake yawo da shi yau na Amurka ta Arewa ne. Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka kawo shi shi ne littafin tafiye-tafiyen Jonathan Carver, wanda aka buga a London a 1778, bayan ya zauna cikin al'ummar Dakota a hunturun 1766 zuwa 1767. Carver ya jera sunaye goma sha biyu, kuma a fili yake watanni yake ƙirgawa: watan furanni, watan masara, watan farauta, watan sanyi, da sauransu. Tsutsar da ya ambata ta Maris ita ce wadda ke fitowa daga ɓawon itace idan sanyi ya sassauta. Ke nan wanda ya fassara ta da « tana » ya yi kuskure.

Harshen ojibwe, na yankin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, yana ƙara haskaka batun:

(1) iskigamizige-giizis « watan dafa ruwan itacen sukari »
(2) manoominike-giizis « watan girbin shinkafar ruwa »

Jigon ɓangaren farko a misalan biyu aikatau ne: abin da jama'a ke yi a lokacin. Kalmar giizis kuwa tana ɗaukar ma'anar wata na sama da wata na ƙirga (har ma da rana, amma wannan wani zance ne). Hausa ma haka take da kalmar wata, alhali faransanci ya raba lune da mois. Sunayen sun bambanta daga al'umma zuwa al'umma, don abin da ke nuna a arewa bai nuna a kudu ba, kuma wasu suna ƙirga watanni goma sha uku. Jeri guda tilo na « Indiyawan Amurka » ƙirƙira ce ta masu buga kalandar manoma. Maine Farmers' Almanac ya shiga buga irinsa cikin shekarun 1930.

« Watan girbi » shi kam na Ingila ne, kuma tun asali cikakken wata yake nufi: wanda ya fi kusa da 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita. Dalilinsa na ilimin taurari ne. A matsakaici wata yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowane dare. Amma a Ingila, a wannan lokaci na shekara, jinkirin yakan sauka ƙasa da rabin sa'a, sai masu girbi su sami haske da faɗuwar rana kwanaki a jere. A Maraɗi ko Damagaram, da ke tsakanin digiri 13 da 14 arewa da ikwaita, ragin kaɗan ne, bai isa manomi ya lura da shi ba. Dacewar sunan da kakar hatsinmu katari ne kawai.

2. Daga aiki zuwa ibada

Girmama daren cikar wata tsohon abu ne. A Siri Lanka kowane daren cika, wato poya, ranar hutu ce ta ƙasa, mafi girmansu Vesak na watan Mayu. Idin Ƙetarewa na Yahudawa yana farawa ran 15 ga Nisan, Ista ta Kirista kuma tana bin cikakken watan farko daga 21 ga Maris. Duk waɗannan suna tsaye cikin yanayi guda na shekara saboda kalandarsu tana gyara giɓin da ke tsakanin wata da rana. Wata ɗaya kwana 29 da rabi ne. Goma sha biyu sun ba da kwana 354, sun gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Sai an riƙa cusa wata na goma sha uku, ko a ɗaure ƙirgar da rana, sannan suna irin na yanayi zai zauna.

Abin da ake kira « alaƙar ruhi » da cikakken wata a Turai da Amurka na yau ya fi waɗannan ƙuruciya ƙwarai. Addinin Wicca, da Gerald Gardner ya bayyana a Ingila cikin shekarun 1950, yana taro a daren cika, ana kiran taron esbat, kalmar da Margaret Murray ta yaɗa a 1921 daga tsohon faransanci s'esbattre. Mabiya irin waɗannan hanyoyi sun tarar da jerin kalandar manoma a shirye, suka ba kowane suna ma'ana ta zuci: wannan na tsarkake kai, wancan na godiya. A nan aka kammala canjin ma'ana. Sunan da yake cewa « lokacin tafasa sukari ya yi » ya koma laƙabin dare ɗaya, aikatau ya ɓace, siffa ta rage. Ba mu ga laifin mai neman natsuwa da kallon wata ba; abin da bai kamata malami ya bari ya wuce ba shi ne a ce wannan fassara gadon Dakota ko Ojibwe ce.

3. Abin da hausa ke yi da wata

Bahaushe ya fi sa ido ga tsayuwar wata bisa cikarsa. Jinjirin wata ake fita duba, shi ke buɗe azumi, shi ke kawo salla. Sunayen gargajiya da muke da su na watanni ne ɗungum, kuma na ibada ko biki:

(3) watan cika-ciki (Muharram), watan Gani (Rabi'ul Awwal), watan azumin tsofaffi (Rajab), watan sha ruwan tsofaffi (Sha'aban), watan azumi, watan ƙaramar salla, watan layya

Babu ko ɗaya da ke ambaton ruwan sama, ko hatsi, ko sanyi, kuma ba zai yiwu ba. Musulunci ya hana cusa wata cikin shekara, don haka watanni suna kewaya yanayi cikin shekara 33 ko kusa. Azumin 2016 ya kama a farkon Yuni, na 2025 a farkon Maris. Bazara, damina, kaka da rani suna da sunayensu dabam. Inda manomi ya haɗa wata da yanayi, da lamba yake yi: watan bakwai maƙarar rani, in ji masu magana. In aka ƙirga baya, na farko yana faɗawa bayan kaka. Wannan ƙirga ta manoma ita ce ƴar'uwar misalai (1) da (2) ta gaskiya, kuma ta cancanci ɗalibi ya bi ta ƙauye-ƙauye daga Gobir zuwa Adar tun masu riƙe da ita suna raye.

Duk da haka tsakiyar wata ba ta rasa daraja ba. Akwai azumin nafila na fararen kwanaki, 13, 14 da 15. Akwai daren rabin Sha'aban da mutane da dama ke rayawa. Husufin wata, wanda ake ce wa zazzaɓin wata, ba ya aukuwa sai a daren cika, kuma yana da sallarsa. Farin wata shi ne fitilar dandali da tatsuniya, kyakkyawar fuska kuma da wata ɗan daren goma sha huɗu ake kwatanta ta. Sai dai a duk wannan lamba ce ke nuna daren. Ba a raɗa masa suna.

Daga nan matsalar mai fassara take. Jumlar wata ya cika tana da fuska biyu: ko ƙwallon ya yi da'ira, ko kwanakin sun kai talatin. Tsarin watan X kuwa, a kunnen Bahaushe, kwana talatin yake nufi, kamar watan azumi. Wanda ya rubuta « gobe ne watan kyarkeci » ya sa mai karatu jiran sabon wata, ga shi kuma kyarkecinmu na daji, lycaon, ba shi ne loup na ƙasashen sanyi ba. Shawararmu ga aji ita ce a fito da daren a fili, a kuma faɗi masu sunan: « daren sha huɗu na Janairu, wanda Amurkawa ke kira na kyarkeci ». In kuwa matanin yana magana kan kalandar Ojibwe ce, watan X ya zauna daidai, a bar shi yadda yake.