Fitilun HID na Kasuwa: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara wa Gishiri

Daga cikin kayan da suka samu karɓuwa a wajen masu motoci akwai saitin fitilar da ake kira HID, wanda ake saya domin a cire ƙwan halojin da mota ta zo da shi daga masana'anta, a maye gurbinsa da ƙwai mai farin haske ko mai ratsin shuɗi. Ƙwan halojin yana da siririn zaren ƙarfe na tangistin wanda lantarki ke zafafawa har ya haskaka, shi kuwa na HID ba shi da zare, haskensa yana fitowa ne daga tartsatsin lantarki da ke tsallake ɗan giɓi tsakanin sanduna biyu a cikin kwalbar da aka cika da iskar zenon da gishirin wasu ƙarafa. Tayar da wannan tartsatsi yana buƙatar ƙarfin da ya kai bolt 20,000 ko fiye, abin da batirin mota mai bolt 12 ba zai bayar kai tsaye ba, shi ya sa kowane saiti yake zuwa da ɗan akwati mai suna balas, wanda ke ɗaga ƙarfin a lokacin kunnawa sannan ya sauke shi ya daidaita. Kamfanin BMW ne ya fara fito da mota mai irin wannan fitila a 1991, kuma yawancin yabon da ake yi wa saitin kasuwa an aro shi ne daga fitilun da masana'antu suka ƙera dungurungum domin wannan ƙwai.

Maganar cewa ƙwan HID ya fi haske kuma ya fi ƙarko gaskiya ce. Ana auna yawan hasken da ƙwai ke fitarwa da ma'aunin lumen, kuma ƙwan halojin nau'in H7 mai cin wat 55 yana ba da kimanin lumen 1,500, alhali ƙwan HID nau'in D2S mai cin wat 35 yana ba da kimanin 3,200, wato ninki biyu da ɗoriya a kan ƙasa da kashi biyu cikin uku na wutar. Yana kuma iya yin awa 2,000 yana aiki, yayin da halojin ke mutuwa tsakanin awa ɗaruruwa zuwa dubu ɗaya. Sai dai waɗannan alƙaluma na ƙwayayen da kamfanoni irin su Philips da Osram suka ƙera bisa ƙa'ida ne, ba su zama lamuni ga saiti mai araha wanda ba a san maƙerinsa ba.

Inda zance ya karkace shi ne da'awar cewa wanda ya sa wannan ƙwai a gidan fitilar halojin zai ƙara hango nesa. Fitilar mota ba ƙwai kaɗai ba ce, akwai kwano mai sheƙi a bayansa wanda injiniyoyi suka lanƙwasa bisa lissafin siffar zaren da tsawonsa da ainihin inda yake zaune, domin ya tattara hasken ya aika shi can gaba a kan titi, ya kuma yanke shi a wani layi da ba zai kai idon mai tahowa ba. Zaren halojin miƙaƙƙe ne mai iyakoki a fili, tartsatsin HID kuwa lanƙwasasshe ne, ya fi ƙarfi a bakunansa biyu, kuma wani haske mai dishi-dishi yana kewaye da shi. Idan aka haɗa kwanon da aka tsara domin siffa ta farko da ƙwai mai siffa ta biyu, hasken zai watse zuwa sama da gefe da kuma ƙasan da ke dab da hancin mota, ko da kuwa gindin ƙwan ya shige ramin daidai wa daida.

Abin da ke yaudarar direba shi ne hasken da ya taru kusa da shi, domin idan mita kaɗan ɗin da ke gabansa suka yi fari fat, ido yakan tsuke ƙofarsa ya saba da wannan haske, sai ganin abin da ke nesa cikin duhu ya ragu alhali shi yana jin kamar ya samu ƙari. Hasken da ya watse sama kuma yana kashe idon masu tahowa, kuma illar hakan ta fi tsanani a kan hanyoyin da ba a raba hannun tafiya da na dawowa ba, inda masu babura da masu tafiya a ƙasa da dabbobi ke bin gefen kwalta da dare. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya cika iska, hasken da ya tashi sama yana bugun ƙura ya dawo wa mai motar kansa.

Akwai kuma ruɗanin lambobin da ake rubutawa a jikin kwali, irin su 6000K da 8000K da 10000K, waɗanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ƙarfin haske. Harafin K yana nufin kelbin, ma'aunin launin haske, ta yadda ƙaramar lamba ke nuna haske mai ɗorawa-ɗorawa, babba kuma ke nuna mai shuɗi. Halojin yana wajen 3200K, fitilun HID na masana'anta kuwa yawanci suna tsakanin 4100K da 4300K, kuma a daidai nan ne ƙwan ke ba da mafi yawan haskensa. Daga nan duk hawan da lambar ta yi, lumen raguwa yake yi, sannan haske mai shuɗi ya fi damun idon wanda aka haska.

Batun halasci ma yana buƙatar tsefewa, domin masu sayarwa sukan nuna tambarin DOT ko harafin E a jikin kaya a matsayin shaidar amincewar hukuma. A Amurka ma'aikatar sufuri, wato DOT, ba ta gwada kaya ta ba su takardar amincewa, maƙeri ne ke buga tambarin da kansa yana mai iƙirarin bin ƙa'ida, kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, NHTSA, ta bayyana cewa saitin mayar da halojin zuwa HID ba zai iya cika sharuɗɗan ƙa'idar fitilun mota ta FMVSS 108 ba. A Birtaniya, in ban da tsofaffin motoci ƙwarai, motar da aka yi wa wannan sauyi tana faɗuwa a gwajin shekara-shekara na MOT. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da Turai ke bi kuma sun wajabta wa fitilar kusa da ƙwanta ya wuce lumen 2,000 na'urar wanke gilashi da mai daidaita tsayin haske, waɗanda babu su a cikin kwalin da ake sayarwa.

Zancen cewa saitin ba ya wahalar da wayoyi rabin gaskiya ne, saboda ko da yake yana cin wuta kaɗan bayan ya kama, balas yana fizgar wuta mai yawa a lokacin kunnawa, wanda kan ƙona fis ko ya sa kwamfutar mota ta nuna alamar matsala. Ƙwan yana kuma ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya kai cikar haskensa, kuma yawan kunnawa da kashewa yana rage masa kwana, don haka bai dace da fitilar nesa da ake ƙyaftawa domin ba da alama ba. Nau'o'in ƙwan HID na D1 da D2 suna ɗauke da zaiba, abin da ya sa ake kaffa-kaffa da wanda ya fashe.

Sau da yawa raunin haske a tsofaffin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano ba daga nau'in ƙwai yake ba. Rana takan dusashe robar gaban fitila har ta koma ruwan ɗorawa, saitin fitila yakan goce, tsofaffin wayoyi kuma sukan rage wutar da ke isa ga ƙwai, kuma raguwar kashi 10 cikin 100 na ƙarfin lantarki tana cinye kusan kashi 30 na hasken halojin. Goge robar, da daidaita fitila a gaban bango a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da gyara wayoyi, da sa sabon halojin mai inganci, sukan dawo da abin da aka rasa da kuɗi kaɗan. Wanda kuma ya ƙudurta sai HID, hanyar da ta inganta ita ce ya sauya gidan fitilar gaba ɗaya da wanda aka ƙera domin wannan ƙwai, mai wat 35 da launi kusa da 4300K, a kuma daidaita shi bayan an ɗaura.