Baƙin Rami: Yadda Aka Gano Abin da Ido Ba Ya Gani

Mazaunin Gangare a Jos da ya dubi kudu da daddare a watan Agusta, idan hadari ya yaye, yana fuskantar tsakiyar tarin taurarinmu. Can akwai baƙin rami mai nauyin rana kusan miliyan 4. Ƙarfin jansa ya kai ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa.

Taurarin da ke kewaya shi ne suka tona asirinsa. Masana taurari Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun yi shekaru suna bibiyarsu, musamman tauraron S2 mai kammala zagaye cikin shekara 16. Aikin haƙuri ne na gaske, ya kuma ba su kyautar Nobel a 2020. A Mayun 2022 aka fitar da hoton inuwar ramin, bayan haɗa na'urorin hangen nesa na rediyo daga nahiyoyi daban-daban.