Shirin Musamman: Wuta-wuta da Sirrin da ke Cikin Ƙwayar Dawa

 Yau shirin namu gona zai shiga, gonakin Kankiya da Kusada.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a ƙarshen damina, ya ratsa Kankiya ko ya karkata zuwa Kusada, zai hangi wani fure mai ruwan hoda a gindin dawa da gero. Baƙo zai ce ado ne. Manomin Rimaye ko na Mawashi kuwa ya san wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji. Kafin ta leƙo sama ta gama ɓarnarta a ƙarƙashin ƙasa, domin a saiwar dawa take maƙalewa, ta shanye ruwa da abincin da shuka ta tara. Tsiro ɗaya kan zubar da 'ya'ya dubbai, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda taki ya yi wa ƙaranci, wato gonar talaka.

To me 'ya'yan nan suke jira? Nan ne masana suka sa ido. Ashe ƙwayar wuta-wuta ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Wani masani ɗan ƙasar Habasha, Farfesa Gebisa Ejeta na Jami'ar Purdue a Amurka, ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan lamari, har aikinsa kan dawa ya ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2009. A 2017 shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa sun gano ƙwayar gadon da ke da hannu a ciki, mai suna LGS1. Idan ta sauya a jikin dawa, sai saiwar ta riƙa fitar da wani nau'in sinadarin daban, wanda ba ya tayar da wuta-wuta sosai. Dawa ta girma, maƙiyiyarta na kwance ba ta san an yi shuka ba.

Jama'a, kowace shuka tana ɗauke da bayanin gadonta a cikin ƙwayoyin halittarta: tsawon kara, girman zangarniya, jure fari, saurin nuna. An karance na dawa a 2009, na gero a 2017, na wake kuma a 2019. Waken da aka karanta ɗin ma namu ne, wanda cibiyar IITA ta samar, aka fitar da shi a Najeriya da sunan SAMPEA 10, sananne wajen jure wuta-wutar wake.

Amfanin wannan karatu iri biyu ne, kuma ya kamata a bambance su, don ana yawan cakuɗa su a hira.

Na farko, zaɓe ne kawai. Mai bincike zai haɗa irin dawa biyu, kamar yadda aka saba tun da. A da sai ya shuka 'ya'yan ya jira kaka, ya sake shukawa, shekara da shekaru. Yanzu ɗan guntun ganye zai tsinka daga tsiro, a duba a ɗakin bincike ko yana ɗauke da alamar halin da ake nema, kamar yadda a da ake duban tsagar fuska a san gidan da mutum ya fito. Ba a sa wa shukar komai daga waje ba. Da wannan hanya Indiya ta fitar da wani gero mai jure cuta a 2005, Sudan kuma ta fitar da irin dawa huɗu masu jure wuta-wuta a 2012.

Na biyu shi ne a ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa a shuka. Haka aka yi da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka amince da shi a Disamban 2019. Tsutsar maruka da ke huda furen wake da kwasfarsa ba ta iya cin sa, don haka feshin da kan kai sau shida zuwa takwas ya koma kamar sau biyu. A Janairun 2024 kuma aka fitar da masarar TELA iri huɗu, masu jure tsutsar da ta addabi masara tun 2016. Wannan hanya ta biyu ita ce ake muhawara a kanta, kuma akwai hukumar da aka kafa a 2015 don tantance irin waɗannan iri. Manomi yana da haƙƙin a gaya masa wanne ake miƙa masa, da ko zai iya ajiye irin baɗi daga girbinsa. Masarar TELA, alal misali, haɗaɗɗen iri ce, sai an sayi sabo kowace damina.

Abin da ke damuna shi ne, an fi jin amon wake da masara. Amma a Kankiya da Kusada, gero da dawa ne ke cika rumbu, su ne tuwo, su ne fura, karansu ne dannin gida da abincin dabba. Kuma irin da ya jure wuta-wuta amma bai yi daɗin tuwo ba, uwargida ba za ta sake ɗora shi a murhu ba. Haka nan iri kaɗai ba ya gyara gonar da ta gaji, sai an haɗa da taki da juya shuka da wake ko gyaɗa, da cire wuta-wuta tun ba ta zubar da 'ya'ya ba.

Saboda haka muna kira ga masanan Samaru da na ICRISAT da ke Kano, da hukumar KTARDA ta Jihar Katsina: a kawo gonakin gwaji na dawa da gero Kafin Soli da Yashe da sauran ƙauyuka, a shuka sabon iri kusa da kaura da farafara, manoma maza da mata su duba, su ɗanɗana, su zaɓa. Gani ya kori ji. Ku kuma manoma, ku tambayi malamin gona sunan irin da asalinsa kafin ku biya kuɗi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.