Makulli ya juya, mota ta ƙi tashi: yadda ake haɗa sabon makulli da ƙwaƙwalwar mota

Mutum ya sayi mota tokumbo, dillali ya miƙa masa makulli ɗaya tal. Don gudun ɓacin rana sai ya nufi wurin masu yankan makulli a kasuwa, cikin 'yan mintuna aka ciro masa irinsa sak. Sabon makullin ya buɗe ƙofa, ya shiga raminsa, ya juya lafiya lau. Injin ya yi ta gurnani amma ya ƙi kamawa, wata 'yar fitila kuma tana ta ƙyaftawa a dashbod. Daga nan sai a fara zargin batir, a koma kan famfon mai, a kira mai rewaya.

Motar lafiyarta ƙalau, mai yankan ma bai yi kuskure ba. Ƙarfen kawai ya kwafa, alhali abin da motar ke nema yana ɓoye cikin baƙar robar da ke kan makullin.

Me ke cikin kan makullin?

A cikin robar akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, ana kiranta tiransfonda. Ba ta da batir. A kewayen ramin makulli akwai zoben waya, wanda da zarar an murɗa makulli yake fitar da sigina mai ƙarfin kilohaz 125 ko kusa da haka. Wannan siginar ce ke ba ƙwayar wutar da za ta farka ta amsa. Idan amsar ta dace da abin da ke ajiye a ƙwaƙwalwar mota, wato abin da makanikai ke kira birenbos, sai a saki mai da wuta injin ya tashi. Idan ba ta dace ba, sai a riƙe su. Tsarin gaba ɗaya shi ake kira imobilaiza.

Ƙwayoyin farko lamba ɗaya suke faɗa kullum, kamar fasuwod ɗin da ba a taɓa canzawa. Na baya sun fi wayo: motar na jefa wa makullin wata lamba da ta zaɓa a lokacin, makullin ya sarrafa ta da sirrin da su biyu kaɗai suka sani, ya mayar da amsa. Gobe tambayar daban, amsar ma daban. Duk wanda ya saba da lambar da banki ke turowa waya kafin a tura kuɗi zai gane dabarar.

Rimot ɗin da ke buɗe ƙofa daga nesa wani abu ne daban, ko da suna cikin gida ɗaya. Shi yana aiki da batir, kuma motocin da aka ƙera don Amurka galibi suna kan megahaz 315, na Turai kuma 433. Shi ya sa rimot ɗin da aka saya don Corolla 'yar Turai zai iya ƙin aiki a kan 'yar Amurka, duk da kamanninsu ɗaya.

Abin da rashinsa ya jawo

Jamus da Birtaniya sun wajabta imobilaiza a sabbin motoci tun 1998, Ostareliya ta bi sahu a 2001, Kanada a 2007. Amurka ba ta wajabta ba, kuma an ga sakamakon. Daga 2021, matasa a birnin Milwaukee suka fara yaɗa bidiyo a TikTok na yadda suke tayar da wasu motocin Kia da Hyundai marasa imobilaiza da bakin wayar USB. Satar ta bazu zuwa birane da dama, har sai da kamfanonin biyu suka fitar da gyaran manhaja a 2023.

Wannan ba ya nufin ƙwayoyin ba su da rauni. A 2005 masu bincike daga Jami'ar Johns Hopkins sun fasa sirrin DST40 na kamfanin Texas Instruments. A 2012 aka nuna cewa ana iya fasa Hitag2 cikin kimanin mintuna shida. Binciken da aka yi kan Megamos kuwa, Volkswagen ta kai ƙara kotu a Ingila a 2013 aka dakatar da wallafa shi, bai fito ba sai 2015. Irin wannan raunin ne ya sa ake iya kwafar tsofaffin ƙwayoyi da ƙaramar na'ura a yau.

Hanyoyi uku idan akwai makulli a hannu

Ta farko ita ce kwafa. Ana karanta bayanan ƙwayar asali a zuba su a wata sabuwa da ba a rubuta komai a kanta ba. Na'urori irin na Xhorse suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, aikin kuma a manhaja ake yin sa. Hanyar tana da sauri, amma motar ba ta san an yi sabon makulli ba, tana ganin su biyun a matsayin ɗaya. Ranar da ɗaya ya ɓace, ba za a iya goge shi a bar ɗayan ba.

Ta biyu ita ce koya wa motar da kanta, ba tare da na'ura ba. A yawancin motocin Ford masu tsarin PATS, wanda ke da makullai biyu masu aiki zai saka na farko ya kunna ya kashe, ya saka na biyu ya yi haka, sannan ya saka sabon cikin 'yan daƙiƙu, motar ta karɓe shi. Sharaɗin shi ne makullan biyu su kasance mabambanta. Wanda aka kwafa ba ya cike gurbin na biyu.

Ta uku ita ce ta kafar OBD, wata mahaɗa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996. Ana jona na'ura irin ta Autel ko Launch, ko kwamfuta mai manhajar kamfani kamar Techstream ta Toyota, a yi wa sabon makullin rajista da lambarsa ta kansa. Wasu motocin sai an shigar da lambar sirri. Peugeot 406 da 307, waɗanda suka cika titunan Arewa, sun zo da wani kati mai girman katin ATM ɗauke da lambar sirri mai gurbi huɗu. Motar da ta bi hannaye uku ko huɗu, da wuya katin ya biyo ta.

Kafin a sayi ƙwaya ma sai an san irinta. A makullan Toyota da yawa akwai alama a jikin ƙarfen: ɗigo, ko harafin G, ko H. Kowace alama ƙwayarta daban, ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Haka kuma baƙin makulli shi ne babba, mai ruwan toka kuma ƙarami ne wanda yake tayar da mota amma ba a ƙara wani makulli da shi.

Idan duka sun ɓace

A nan aljihu ke jin jiki. Babu abin da za a kwafa, babu kuma makullin da zai shaida wa motar cewa mai ita ne ke magana. Da gangan kamfanoni suka sa jinkiri a wannan mataki don ɓarawo ya kasa yi a gurguje: Ford na sa a jira minti 10, Toyota minti 16. A wasu tsofaffin motocin ko wannan ba ya yiwuwa. Sai an kwance birenbos ko akwatin imobilaiza, a ciro ƙaramar ma'ajiyar bayanai ta EEPROM, a karanta ta, a sake rubutawa. Kuskure kaɗan a nan na iya sa a nemi wani birenbos ɗin gaba ɗaya. Ga kuɗin janwe, ga kwanakin da motar za ta yi a gareji. Ga direban haya, kowace rana a cikinsu asarar kuɗin cefane ce.

Gajeriyar hanya mai tsada

Akwai dabarar da wasu masu gyara ke yi: su ciro ƙwayar daga makullin asali su manne ta a jikin zoben wayar, ta yadda kowane ƙarfe da aka yanka zai tayar da motar. Aikin na da arha, amma ya kashe imobilaiza ke nan. Motar ta koma irin waɗancan na Milwaukee, duk wanda ya iya murɗa ramin makullin ya tafi da ita.

Abin da ya fi dacewa

Wanda ke da makulli ɗaya ya yi na biyu yanzu, tun na farkon yana aiki, ya kuma nemi a yi masa rajista ta OBD idan motarsa na karɓa. Wanda ya sayi mota hannu na biyu ya sa a duba makullai nawa ke rajista a ƙwaƙwalwarta. Idan na'ura ta nuna uku shi kuma ɗaya aka ba shi, akwai biyu a wani wuri, kuma ana iya goge su. Ya tafi da takardun mota da lambar VIN mai gurbi 17, domin mai gyaran kirki zai so ya tabbatar da mai motar kafin ya taɓa ta. A tabbatar batirin motar na da caji sosai, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya ɓata bayanai. Kafin a biya kuɗi a gwada kowane makulli shi kaɗai, sauran suna nesa da sitiyari.

Masu motar da ake tayarwa da maɓalli kuma su riƙe wannan: idan batirin makullin ya mutu, a yawancin motoci ana kara makullin a jikin maɓallin, a taka birki, a danna. Ƙwayar da ke ciki ba ta buƙatar batir, motar za ta tashi.