Hadari Daga Gabas, Ruwa Daga Kudu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna a kan wani abu wanda kullum muna cikinsa, amma kaɗan daga cikinmu suka tsaya suka tambayi asalinsa, watau iska. Ba don na fi kowa sani na ɗauki alƙalami ba. Hasara na yi, ba na kuwa so wani ya yi irinta.

Ni malamin makaranta ne a ƙasar Pauwa, ina kuma taɓa noma kamar kowa a nan. Shekara uku ke nan, a ƙarshen watan Afrilu, aka yi mana ruwa mai ƙarfi da dare. Gari na wayewa na ɗauko irin masarar da na saya da tsada, na tara yara muka shuke gona kaf. Wani tsoho maƙwabcina ya zo wucewa, ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Malam, ka yi gaggawa. Iska ba ta zauna ba tukuna." Na yi masa godiya, amma a raina na ce ina ruwan shuka da iska, ga ƙasa ta jiƙe? To, daga ran nan sai da muka yi kwana 19 ba ko ɗigo. Masara ta tsiro, ta yi yaushi, ta ƙone. Tilas na sake sayen iri da bashi.

Da abin ya wuce na tafi wurinsa na ce, "Baba, me kuka gani ran nan wanda ni ban gani ba?" Ya ce, "Abu uku. Iskar safe tana zuwa daga arewa har yanzu, leɓe yana tsagewa, ruwan randa kuma yana sanyi ƙalau kamar da rani. Ran da ka ga iska ta koma kudu maso yamma, ta kwana can ta wuni can, gishiri ya fara jiƙa a ƙoƙo, wanki ya ƙi bushewa da wuri, to, sa'an nan ka ɗauko iri." Na ce, "Baba, ai kowa ya sani daga gabas hadari ke tasowa. Ƙaƙa za a ce iskar kudu ce mai ruwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Wannan kuma ku masu littafi za a tambaya. Ni abin da na gani na faɗa maka." Maganan nan ta tsaya mini a rai, na shiga bincike. Ga abin da na samo.

Tushen al'amarin duka rana ce. Tsakaninmu da ita wajen mil miliyan 93 ne, haskenta yana yin minti takwas da 'yan kai kafin ya iso mu. Cikin kashi 100 na hasken da ke isowa, wajen kashi 30 gizagizai da ƙanƙara da farin rairayi su kan mai da shi sama, sauran kuwa ƙasa da teku da iska ke shanyewa. Abin lura shi ne, haske ya kan ratsa iska ba tare da ya zafafa ta sosai ba. Ƙasa ya ke fara zafafawa, sa'an nan ƙasa ta zafafa iskar da ke kwance a kanta, kamar yadda wuta ke dafa tukunya daga gindi. Shi ya sa da tsakar rana rairayi ke ƙona tafin ƙafa alhali kai bai ji zafi kamar haka ba, shi ya sa kuma Jos, da ke bisa duwatsu, ta fi mu sanyi.

Sai dai rana ba ta raba zafinta daidai. Ka haska tocila a bango sosai da sosai, za ka ga haske ya taru wuri guda da ƙarfi. Ka karkata ta, sai hasken ya bazu ya yi rauni. Da ya ke duniya a dunƙule ta ke, ƙasashen da ke tsakiyarta, wajen layin da a ke kira Ikwaita, su ne rana ke duka sosai, na ƙuryar arewa da ƙuryar kudu kuwa a karkace ta ke samunsu. Da a ce iska da ruwan teku ba su kwasar zafi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, da tsakiyar duniya ta fi haka zafi nesa, ƙuryoyinta kuma sun fi haka daskarewa. Ashe iska 'yar aike ce, zafi ta ke rabawa.

Yadda ta ke yi kuwa, duk wanda ya taɓa ƙona sheƙa a gona ya gani. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta yi sama da hayaƙi, iska mai sanyi ta kwararo daga gefe ta maye gurbinta. Haka ke faruwa a tsakiyar duniya. Iska ta yi zafi, ta ɗauki tururin ruwa daga teku da kurmi, ta hau sama. Can sama ta huce, tururin ya zama girgije, ya zubo ruwa. Iskar da ta sauke kayanta ta bushe, sai ta rabu biyu tana can bisa, rabi arewa, rabi kudu. In ta kai wajen digiri 30 daga Ikwaita sai ta sauko, tana saukowa tana ƙara zafi da bushewa, ba ta barin girgije ya haɗu. A ƙarƙashin wannan saukowa manyan hamadun duniya su ke: Sahara, da hamadar ƙasar Larabawa, da Kalahari a kudancin Afirka, da ta tsakiyar Ostareliya. Daga nan kashi guda ya bi ƙasa ya komo tsakiyar duniya ya sake zagaye. Wani kashi ya wuce gaba, ya shiga cikin iskar yamma wadda ke kai wa Ingila da Faransa ruwa.

Iskar da ke komowa ba ta zuwa daga arewa sak, domin duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas. A kan Ikwaita gudun juyin nan ya haura mil 1,000 a sa'a guda, amma yana raguwa in an yi arewa ko kudu. Saboda haka iskar da ta baro inda ƙasa ke juyi a hankali ta kan zo ta tarar ƙasa ta fi ta gudu, sai mu ji ta daga arewa maso gabas. Ka sa yaro ya juya faifai, kai kuwa ka ja layi da gawayi daga baki zuwa tsakiya, za ka ga layin ya tanƙware. Wani Bature na Ingila, Edmond Halley, ya zana taswirar iskokin teku a 1686. George Hadley, lauya ne shi ma na Ingila, ya bayyana dalilin karkatarsu a 1735, kuma da sunansa a ke kiran zagayen nan har yau. A 1835 wani Bafaranshe, Coriolis, ya fitar da lissafin irin wannan karkata.

To, jama'a, iskar nan ta arewa maso gabas mun san ta sarai, ita ce hunturu. Tun daga Nuwamba har Fabrairu ta ke ratso Sahara ta zo mana da ɗari da hazo. Mafi yawan ƙurar da ke rufe mu daga wani kwari ta ke tasowa a ƙasar Cadi, sunansa Bodele, kusan mil 800 daga nan, inda dā can babban tafki ya kwanta ya ƙafe. Iska ta kan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin ƙasar. Ƙurar Sahara har teku ta kan ƙetare ta sauka a Amurka ta Kudu.

Akwai kuma ta biyu, kishiyarta, wadda ke tasowa daga Tekun Atlantika, ta shigo ta wajen Ikko, fiye da mil 400 daga Pauwa, ɗauke da laima. Inda su biyun suka haɗu akwai iyaka wadda ido ba ya gani, ta ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma. Duk wanda ke arewa da ita yana cikin rani. Damina tana kudu da ita.

Iyakan nan ba ta zama wuri guda, rana ta ke bi. Duniya a karkace ta ke da digiri 23 da rabi, don haka inda rana ke tsayawa tsaka yana tafiya arewa, ya komo kudu, sau ɗaya a shekara. Malaman da ke auna inuwa don sanin zawali sun riga mu lura da wannan. A nan ƙasarmu, wajen digiri 12 arewa da Ikwaita, in ka kafa sanda a miƙe wajen 20 ga Afrilu, da tsakar rana kusan ba ta da inuwa. Daga nan inuwar ta koma kudu, har wajen 22 ga Agusta ta sake ɓacewa, sa'an nan ta komo arewa. Cikin watannin nan rana tana gasa Sahara, ƙasa kuwa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Iskar hamada ta yi sama ta bar gurbi, iskar teku ta kutso don ta cike shi. Haka damina ke hawowa daki daki: bakin teku a Maris da Afrilu, Zariya da mu a Mayu, birnin Katsina da Maraɗi a Yuni, Agadas sai Yuli da Agusta. Tana bin rana a baya, kamar yadda zafin wuni ya fi tsanani bayan zawali, shi ya sa marka ke faɗowa a Agusta.

Nan ne na gane kuskurena. Iskar teku ta kan shigo ta ƙarƙashin busasshiyar iska kamar bakin gatari, gabanta siriri, kaurinta yana baya. Ruwan kirki sai inda ta yi kauri, mil 200 ko fiye a bayan iyakar. Tafiyar iyakar kuma irin ta hawainiya ce, ta yi gaba ta ɗan ja baya. Ruwan da ya ruɗe ni na leƙe ne kawai, iskar teku ta leƙo kwana biyu ta koma. Tsohon nan bai san sunan Hadley ba, amma da leɓensa da randarsa ya auna inda iyakar ta ke.

Saura batun gabas. Can sama da iskar teku, wajen mil biyu daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi wadda ke tafiya daga gabas zuwa yamma. Laima ta shigo ta ƙasa daga kudu maso yamma, zafin rana ya ɗaga ta, ta zama hadari. Da hadarin ya yi tsawo sai iskar bisa ta tura shi yamma. Don haka mai cewa hadari daga gabas ya ke ya yi gaskiya, mai cewa ruwa daga kudu ya ke shi ma ya yi gaskiya.

Kada a ɗauka wannan zancen makaranta ne kurum. Shekarar da iskar teku ta gaza hawowa da ƙarfi, mu ke kwana da yunwa. Haka aka yi a 1913, aka shiga yunwar 1914 wadda waɗansu ke kira Kakalaba. Haka kuma aka yi a farin 1973 da na 1984. Masana sun gano cewa zafin ruwan teku yana da hannu a ciki: in tekun arewa ya yi sanyi bisa ga na kudu, damina ta kan noƙe ta tsaya kudu. Irin wannan awo ne hukumar NiMet ke dubawa kafin ta fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hasashe ne na mutum, yana iya kuskure, sanin gaibu sai Allah. Amma wanda ya ce ba zai saurara ba, ya ƙi ji ne, ba kuwa zai ƙi gani ba.

Shawarata uku ce. Ta fari, ga manoma: kada ruwan farko ya ruɗe ku, musamman kan iri mai tsada kamar masara da auduga. Masu binciken noma a Nijar sun ce damina ba ta kama ba sai an sami ruwa milimita 20, watau ƙasa da inci guda kaɗan, cikin kwana uku, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai a jere ba ruwa cikin watan da ya biyo. Ba mai sanin watan gaba, amma zaman iska a kudu maso yamma, da laimar dare, da isowar shamuwa, shaidu ne masu ƙarfi. Wanda ya matsu ya raba irinsa biyu, ya ajiye rabi.

Ta biyu, ga 'yan'uwana malamai: kowace makaranta ta kafa gora doguwa a fili, a ɗaura mata ƙyalle, yara su riƙa rubuta inda iska ta fito safe da yamma. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki nesa da itace da indararo, a auna ruwan da ya tara da rula. A kafa sanda a riƙa duban inuwarta. Ba abin da zai ci ko kwabo, yaro kuwa ba ya manta abin da ya auna da hannunsa.

Ta uku, ga masu karatu na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da Maraɗi: ina roƙo kowa ya rubuto wa Edita ranar da iska ta juya a garinsu bana, da ranar da aka yi shukar da ta tsaya. In aka jera kwanakin nan a shafi guda, za mu ga sawun damina da idonmu tun daga kudu har arewa. Mu kuma riƙa tambayar tsofaffinmu tun suna raye, mu rubuta abin da suka faɗa, mu gwada shi da abin da ke cikin littafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Pauwa.