Ƙaramin Famfon Da Kan Kayar Da Motar Tsere

Ranar 20 ga watan Maris na shekarar 2022, a filin tseren motoci na ƙasar Baharain, saura zagaye kamar uku a tashi, sai injin motar Max Verstappen, zakaran duniya na lokacin, ya soma shaƙewa, alhali kuwa shi ne na biyu. Da ƙyar ya lallaɓa ya kai ta rumfar makanikai. Jim kaɗan, a zagayen ƙarshe, motar abokin aikinsa Sergio Perez ta mutu a tsakiyar kwana, ta juya da shi. Da ƙungiyarsu ta Red Bull ta gama bincike, sai ta bayyana cewa mai bai ƙare ba ko a mota ɗaya. Yana nan cikin tanki, famfunan ne suka kasa zuƙo shi.

Wannan ciwo bai tsaya kan manyan motocin gasar Formula 1 kaɗai ba. Duk wanda ya gyara mota don tsere, ko a kan kwalta ko a hanyar daji, zai gamu da shi. Dalili kuwa shi ne mai ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya taɓa ganin yarinya ta ɗauko ruwa a daro tana sauri ya san yadda ruwan kan kwanta gefe guda in ta karya kwana. Haka fetur ke yi cikin tanki. In direba ya taka birki sai ya gudu gaba, in ya ba da wuta ya koma baya, in ya shiga doguwar kwana ya manne a bango ɗaya har a fita. Muddin tankin na cike babu damuwa. Amma da zarar ya yi ƙasa, bakin bututun da ke shan mai sai ya sami kansa a fili, famfo ya haɗiyi iska.

Barnar da ke biyo baya iri biyu ce. Matsin mai ya faɗi, inji ya sami iska fiye da kima, ya yi sheshsheƙa a daidai lokacin da direba ke bukatar ƙarfinsa don fita daga kwana. In injin mai turbo ne kuma ana kan cikakkiyar wuta, ƙarancin mai kan ɗaga zafin ƙonuwa har fistin ya narke. Shi kansa babban famfon ba ya tsira, domin man da ke bi ta cikinsa shi ke sanyaya shi, shi ke kuma hana ƙarafansa cin juna.

Maganin da masu tsere suka daɗe da samowa shi ne a raba aikin gida biyu. Sai a sami wani ɗan tanki siriri mai tsawo, wanda ke cin lita ɗaya zuwa biyu, a kafa shi a tsaye. Saboda sirantarsa, mai ba shi da wurin gudu a ciki. Daga gindinsa babban famfo ke sha ya tura wa inji. Shi kuwa ɗan tankin, wani ƙaramin famfo ne ke cika shi daga babban tanki, watau famfon ɗebo. In famfon ɗebo ya haɗiyi iska a kwana, iskar sai ta tashi sama ta bi bututun rara ta koma babban tanki, inji bai ma san an yi ba. Makanikan manyan motoci ba baƙin wannan tsari ba ne, don kuwa a injin dizal ma ƙaramin famfo ne ke ɗebo mai ya miƙa wa babban famfon da ke ciyar da nozul, shi ne wanda akan danna da hannu a fitar da iska in mai ya ƙare a hanya.

To, wajen zaɓen wannan famfo ne mutane da yawa kan yi tuntuɓe. Mutum ya ga allurar matsi tana rawa, sai ya tafi kasuwa neman famfon da ya fi kowane ƙarfin turi. Wannan ɓatan kai ne. Matsi ba aikin famfon ɗebo ba ne. Injin da ke da kafireta fam 3 zuwa 7 ke isarsa a kan kowane murabba'in inci, watau ƙasa ƙwarai da iskar tayar ƙaramar mota. Mai nozul na lantarki kan nemi wajen fam 43, motocin Formula 1 kuwa dokar da aka kafa a 2014 ta yarje musu fiye da fam 7,000 a wancan lokaci. Duk wannan nauyi yana wuyan babban famfo ne da na'urar da ke daidaita matsi. Famfon ɗebo zuba kawai yake yi cikin ɗan tankin da ke da mafita. Abin da za a tambaya game da shi shi ne lita nawa yake kawowa cikin awa guda.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Injin fetur marar turbo kan sha kusan kashi ɗaya cikin uku na lita a kowace awa, a kan kowane ƙarfin doki ɗaya, in an taka totur har ƙasa. Ashe ke nan inji mai ƙarfin doki 300 zai sha wajen lita 90 zuwa 100 a awa, kimanin lita ɗaya da rabi a minti. Ɗan tanki mai lita ɗaya da rabi zai riƙe shi wajen minti guda ko da famfon ɗebo bai kawo ko ɗigo ba, kuma da wuya a sami kwanar da za ta kai rabin haka. Mai turbo ya fi ci. Wanda ke amfani da man E85, mai yawan sinadarin etanol, sai ya ƙara wajen kashi 30 cikin ɗari, ya kuma tabbata robobin famfon suna jure wannan mai.

Akwai wata dabara a nan da ke rage kashe kuɗi. Babban famfo irin Walbro 255, wanda sunansa ke nuna lita 255 a awa, yana tura mai fiye da abin da inji zai ƙone, ragowar kuwa ta dawo. In aka juya wannan ragowa zuwa ɗan tanki maimakon babba, to ba lalle ba ne famfon ɗebo ya yi kafaɗa da kafaɗa da babban. Ya isa ya zarce abin da inji ke ƙonewa da rata mai kyau, yadda zai sake cika ɗan tankin tsakanin kwana da kwana. Wanda ya wuce gona da iri kuwa yana da nasa aibin: ya ja wutar batir, ya yi ta kewaya da mai yana ɗumama shi, in bututun rara ya yi masa ƙanƙanta kuma ya cusa matsi cikin ɗan tankin, ya dagula lissafin na'urar daidaitawa. Fetur mai zafi kan zama tururi a bakin famfo. Direbobin tsofaffin motoci masu kafireta sun san wannan da bazara, sa'ad da mota kan mutu tsakar rana sai an jiƙa tsumma an ɗora wa famfo.

Hali na biyu da ake nema shi ne haƙuri. Famfon ɗebo zai sha iska sau da yawa a kowane zagaye, don haka dole ne ya zama irin wanda ba ya ƙonewa in ya yi ɗan gudu a bushe, kuma yake sake kama mai nan take. Ƙananan famfunan Facet sun yi suna a wannan fanni ga injuna matsakaita. Famfon lantarki ya fi gwanintar turawa a kan zuƙowa, saboda haka a ɗaura shi ƙasa, kusa da tanki, da gajeren bututu mai faɗi, a sa masa matacin mai mai manyan ƙofofi a gabansa. Mai ƙananan ƙofofi wurinsa bayan babban famfo ne. Siririyar waya kuma kan hana famfo wutar da yake bukata, ya kasa kawo adadin da aka rubuta a kwalinsa.

Ɗebo ragowar man da ke ƙasan tanki yana da wani muhimmanci a gasar da ake gwada mai. Ranar 1 ga Agusta, 1921 ba ta cikin wannan labari, amma ranar 1 ga Agusta ta 2021 tana ciki: a ƙasar Hangari, Bajamushe Sebastian Vettel ya zo na biyu, aka kuma soke sakamakonsa, domin doka ta ce a iya zaro lita guda daga mota don gwaji, alƙalai kuwa lita 0.3 kaɗai suka samu. Ƙungiyarsa ta Aston Martin ta fara zargin famfon ɗebo, tana cewa akwai sauran lita 1.44 a ciki. Daga baya bincikenta ya nuna wata matsala ce ta sa man ya zube. Maki 18 suka tafi.

Ba a gane famfon da ya dace da mota a tsaye cikin gareji, ko da cikakken tanki. Akan zuba mai kaɗan, kamar abin da zai rage a ƙarshen tsere, a ɗaura agogon matsi inda direba zai gani ko na'urar da ke rubuta shi, sa'an nan a shiga kwanar da ta fi kowace tsawo a filin, bayan mota ta yi zafi sosai. In allura ta tsaya cik, an dace. In tana faɗuwa a kwanar hagu kaɗai ko ta dama kaɗai, to bakin bututu ne ke gefe ɗaya, sai a ƙara famfon ɗebo na biyu a ɗaya kusurwar tankin.